Ƙunshin da Ya Fi Ƙarfin Layi

Injiniya ta sake danna maɓallin aikawa. Hoton ƙashin bayan maginin ya tafi rabi, ya cije. Tun safe mutumin yake kwance a ɗakin gaggawa, bayan ya faɗo daga saman gini. Babban likita kuwa yana can wani asibiti mai nisa yana jiran hoton, don shi zai ce a ɗauko shi ko kada a motsa shi.

Ta san inda gizo ke saƙar. Na'urar asibitin tana ɗaure bayanai ƙunshi-ƙunshi, kowanne ya fi ƙarfin sabon layin intanet da aka ja musu. A hanya sai a farfasa ƙunshin, gutsure ɗaya ya ɓace, a watsar da sauran, a koma farko. Lamba ɗaya za ta rage a na'urar, shi ke nan. Amma lambar sirrin shiga tana hannun manaja.

Ta same shi a ofis yana yanke farce.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in rage girman ƙunshin. Yanzu hoton zai wuce."

"Wane ƙunshi kuma? Lalle za ki sa mana?" Ya yi dariya. "Layi lafiya lau yake. Yanzun nan na gaida maiɗakina, har ta amsa."

"Gaisuwa ƙarama ce, yallaɓai. Bayan mutum ne ya ƙi wucewa."

"Kamfanin da ya kafa na'urar ya ce duk wanda ya taɓa, babu ruwansu da gyara. Sai kwamiti ya zauna. Ku yaran yanzu, gaggawa kamar zawo."

Ta kira kamfanin, waya ta yi ta ringi har ta katse. Ta ɗauki hoton daga fuskar kwamfuta da kyamarar wayarta ta tura, likita ya ce dishi-dishi ne, ba zai yanke hukunci a kan hazo ba.

A baranda uwar maginin ta riƙo gefen mayafinta.

"'Yar nan, likitan ya gani?"

"Tukuna, Inna."

"To ƙannensa sun gaji. Sun samo a-kori-kura, za su tafi da shi."

Ta leƙa. Ga su nan sun cicciɓo shi, biyu a kafaɗa, biyu a ƙafa, tsakiyarsa tana lilo.

"Ku tsaya, don girman Allah!"

Ta koma ofishinta da gudu, ta zare wayoyin kwamfutar, ta sauke ta ƙasa. Ta juya teburin, ta ɗauko sukundireba, ta hau kwance ƙafafunsa. Katakon dai miƙaƙƙe ne, kuma zai kai tsawon mutum.