Gado a Gefen Auta

Auta, ƙanwata, ba ta ji. Tana shekara bakwai sanƙarau ya tafi da kunnuwanta biyu, ya bar mata baki. Tana magana sarai, sai dai muryar takan fi ƙarfin ɗaki, kuma in kana so ta gane ka sai ka fuskance ta, don a leɓe take karanta magana. Tela ce. Da tafin ƙafa take sanin zare ya harɗe a keke, tun kafin mai kunne ya lura.

Cikinta na fari yana wata takwas aka fara maganar inda jariri zai riƙa kwana. Mijinta direban babbar mota ne, in ya kwana biyu a gida sai ya yi goma a hanya. Nas ɗin awo kuma ta gargaɗe ta kada ta kwanta da jariri a katifa ɗaya, tata ta yi laushi da yawa. Surukarta, wadda duk muke kira Inna, ita ta yanke magana wata rana da hantsi, ina zaune ina tsinke wa Auta zaren ɗinki.

"A ɗakina zai riƙa kwana," in ji Inna, tana buɗe baki sosai don Auta ta gani. "In ya yi kuka in kawo miki ya sha, in mayar. Ba ƙin ki nake ba, 'yar nan. Yaro zai yi ta tsala ihu har ya shiɗe, ke kina can kina sharar barci."

Auta ta tsayar da keke. "Inna, a gefena zai kwana."

"Da wane kunnen?"

"Zan samo gado."

"Gado ne zai ji miki kuka?"

Auta ta taka keke ta ci gaba da ɗinki. Na san wannan shirun tun tana ƙarama. In ta yi shi, magana ba ta ƙare ba, yanzu ta fara.

Washegari ta ce in raka ta shagon kayan jarirai. Gadaje ne jere, wasu da tayoyi, wasu da gidan sauro mai leshi, wani har da 'yan tsuntsayen roba masu juyawa a sama. Mai shagon ya dubi cikin Auta, ya washe baki, ya ja mu wurin wani fari.

"Wannan shi ake yayi. Gefensa ɗaya yana sauka, ki manna shi da gadonki. Ga kiɗa, kina danna nan yaro ya yi barci." Ya danna, wani siririn kiɗa ya tashi.

"Me ya ce?" Auta ta tambaye ni, don ya juya mata ƙeya.

"Ya ce yana kiɗa."

"To Allah ya ba masu ji."

Ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a bakin gadon, ta rufe ido. "Yaya, ki bubbuga tsakiyar katifar. A hankali, kamar ƙafar jariri."

Na bubbuga da yatsu biyu. Ta jira, ta buɗe ido. "Kin fara?"

"Na gama ma."

Haka muka bi gado tara. Mai shagon ya bar yabon kayansa ya koma kallonmu. Duk ƙarfe ne da roba da yadi, an yi su don su shanye motsi, kada uwa ta farka a banza. A na ƙarshe ya kasa haƙuri.

"Hajiya, wai gado kuke nema ko ganga?"

Wannan karon ta ga bakinsa. "Ganga," ta ce. "Kana da ita?"

Babu. Muka fito, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi mata shaida, amma ba gida ta nufa ba. Ta ce mu biya wurin tsohon kafintan da ya yi mata teburin yanka.

Mun same shi a rumfarsa yana goge ƙafar kujera, garin katako har a girarsa. Auta ta zaro tef ɗin awonta daga jaka, da takardar da ta zana abin da take so. Gado ne mai gefe uku, tsayinsa daidai da saman katifarta, ba bisa ba ƙasa, kuma a ɗaure shi da gadonta yadda ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Katifar jaririn siririya, mai tauri. Sai abin da babu a shago: falankin da ke ƙarƙashin jaririn ya zarce waje kamar harshe, taƙi biyu, ya hau kan katifarta, inda za ta ɗora kafaɗa.

Kafinta ya juya takardar sama da ƙasa. "Wannan harshen na mene ne, 'yata? A kan katako za ki kwana?"

"Eh, Baba."

"Mutane na neman laushi, ke kina neman tauri." Ya dube ni. "Lafiyarta ƙalau?"

"Ita ta san abinta," na ce. Na so in yi masa bayani, sai wani ya shigo neman ƙusa, magana ta bi ta kansa. Wannan laifina ne, kuma na sani.

"Shekara arba'in ina aikin nan," ya ce da muka tashi tafiya, "ba a taɓa dawo mini da gado an ce yana ƙara ba. Ki kwantar da hankalinki."

Ya kawo gadon ana sauran kwana shida ta haihu. Aiki ne mai kyau, sumul, ko ƙaya ɗaya babu. Ya ɗaure shi da gadonta da noti huɗu, ya jijjiga da ƙarfinsa, ko ƙis. Auta tana fama da ciwon mara a ranar, ba ta gwada ba. Ni ma ban tuna ba.

Namiji ta haifa. Mijinta ya samu hutun mako ɗaya, kuma a makon nan shi ne kunnenta: yaro na motsawa zai taɓa ta. Ranar da ya rage kwana biyu ya koma hanya, Inna ta shigo bayan azahar da kujerarta a hannu. Ta riga ta shimfiɗa 'yar katifa a ɗakinta, kowa ya gani.

"Ban zo faɗa ba," ta ce. "Kin gaji, idonki ya faɗa. Kwanta ki yi barci, ni zan zauna nan. In maigidana ya yi kuka kika tashi da kanki, na sakar miki shi. In ba ki tashi ba, jibi ya koma wurina. Kin yarda?"

"Na yarda."

Ta kwanta, kafaɗarta a kan harshen katakon, zani ɗaya tsakani. Ba a jima ba barci ya kwashe ta. Muka zauna, ni da Inna. Can yaron ya fara mutsu-mutsu, ya yamutsa fuska, ya saki kuka. Auta ba ta motsa ba. Ya ƙara murya, yana harba ƙafafu, fuskarsa ta yi jawur. Hannuna ya tafi zai taɓa ƙafarta, Inna ta dube ni, na janye. Da kukan ya fara sarƙewa, Inna ta tashi ta ɗauke shi. Ba ta yi murna ba. Idonta ma ya kawo ruwa.

Auta ta farka ta ga gado wayam, ta ga ɗanta a kafaɗar Inna. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta karɓe shi ta ba shi nono, idonta a kan gadon, har ya ƙoshi. Sannan ta miƙa mini shi.

"Yaya, ɗauko mini sukudireban keke, yana cikin durowa."

"Ke da ba ki warke ba?"

"To ke ki kwance, ni in nuna miki."

Na ba Inna yaron, na durƙusa. Na ɗaga 'yar katifar, na kwance sukurori shida inda harshen ya haɗu da falankin. Ashe ba katako ɗaya ba ne, biyu ne aka haɗa. A tsakaninsu ga baƙar roba, an yanko daga tsohon tiyub, an ninka biyu. Ƙarƙashin falankin kuma, kowace kusurwa da ɗan soso. Auta ta karɓi robar ta juya ta a hannu.

"A kira mini Baba kafinta."

Ya zo da la'asar, da jakar kayan aikinsa, yana shirin jin haushi. "Me ya samu gadon? Ƙara yake?"

"Ba ya yi, Baba. Shi ne matsalar." Ta ɗaga robar. "Wa ya aike ka?"

"Wannan ai gyara ne na yi miki! Katako kan katako, in yaro ya motsa sai ya girgiza ki. Na ce mai jego ce, a bar ta ta huta. Ko a lissafi ban sa ba."

"Baba, kalle ni." Ta nuna kunnenta. "Wannan ya mutu tun ina 'yar shekara bakwai." Ta dafa kafaɗarta. "Da wannan zan ji ɗana. Girgizar da ka kashe, ita na zo saya."

Tsohon ya cire hularsa ya sosa kai, ya dubi robar, ya dube ni.

"Ke kuma kina tsaye ba ki faɗa mini ba?"

"Na yi niyya, Baba."

"Niyya!" Ya tsuguna yana tsaki. "Shekara arba'in ina korar motsi daga gado, yau an ce in dawo da shi. In abokan sana'a suka ji, na shiga uku." Ya ƙwanƙwasa falankin da gaɓar yatsa, ya girgiza kai. "Cire roba kaɗai ba zai yi ba. Wannan ya yi kauri, kuma haɗi ne. Sai guda ɗaya, marar haɗi, busasshe. Akwai wani da na ɓoye, irin wanda in ka taɓa wannan bakin, wancan ya amsa. Gobe da safe."

Gari bai gama wayewa ba ya iso da shi a kafaɗa. Ya ɗora falankin a kan sanduna biyu kawai, ya bar tsakiyarsa sake, ya duba ko'ina kada a sami ramin da hannun jariri zai shiga. Sannan ya ce Auta ta kwanta ta rufe ido. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan 'yar katifar, ya ɗan taɓa.

"Ɗaya," ta ce.

Ya taɓa sau uku, a can ƙarshe.

"Uku. Wajen ƙafa."

"To ni dai na gama nawa," ya ce, yana tattara kaya. "Kada ki faɗa wa kowa ni na yi."

Bayan azahar Auta da kanta ta aika a kira Inna. Inna ta zo ba kujera.

"Ai mun gama magana jiya, 'yar nan."

"Kin ce jibi, Inna. Yau gobe ce. Ki ɗauko kujerarki."

Inna ta dube ta ta daɗe, sannan ta juya ta ɗauko.

Wannan karon barcin ya ƙi zuwa da wuri. Na ga yadda Auta take matse ido, har dai gajiya ta yi aikinta, numfashinta ya daidaita, bakinta ya ɗan buɗe. Inna ta kira ta da ƙarfi, don ta tabbatar, duk da ta san ba amfani. Ta kaɗa hannu a gaban fuskarta. Barci ne na gaske.

Muka jira. Inuwar taga ta matsa daga bango zuwa ƙasa. Inna ma ta fara gyangyaɗi, haɓarta na sauka kan ƙirji. Ina kallon yaron ya juya kai, ya tsotsi leɓe, ya harba ƙafa ɗaya, ya sake harbawa. Bai ko buɗe baki ba tukuna. Hannun Auta ya tashi, idonta a rufe, ya tsallaka ya sauka a cikinsa. Ta buɗe ido, ta tashi zaune a hankali, ta jawo shi.

Sai da ya kama nono ya yi 'yar ƙara, Inna ta zabura.

"Ya yi kuka? Ban ji ba."

"Bai kai ga yi ba," na ce.

Inna ta dubi uwa da ɗa. Ta miƙe, ta zagaya, ta ɗora tafin hannunta a kan harshen katakon, ta danna 'yar katifar da ɗaya hannun, sau biyu. Ta ɗauke hannun tana kallonsa.

Ta matso ta tsaya inda Auta za ta ga bakinta. "Katakon nan zai ci miki kafaɗa."

"Ya ci."

"Taurin kai kamar na mijinki." Ta leƙa fuskar yaron. "Kai kuma maigida, ka guje ni ko? Na yi maka shimfiɗa ka ƙi. Za ka zo neman alawa, zan tuna maka."

Ta ɗauki kujerarta ta fita. Jim kaɗan na hango ta a baranda tana zare rigar 'yar katifar nan ta ɗakinta. Ta ninke ta, ta kawo ta ajiye a ƙafar gadon Auta, ta ce ko za a buƙaci canji.