An Fasa Sukuwar Yara Saboda Ruwa

Rana na dukan ƙasa kamar ta tsaga ta, Noelene ta kira surukinta ta gaya masa an fasa sukuwar yara saboda ruwa.

Lachie ya fashe da dariya a waya. "Wane ruwa kuma, tsohuwa? Ko gajimare ɗaya babu a sama!"

"Ba nan aka yi shi ba, can kan tudu ne. Yana tafe. Ka juya da yarinyar nan gida."

"Mu fa a Tasmania, da ana fasa wasa don ruwa, da ba a taɓa yin wasa ba. Sai dai a ce a sa rigar ruwa a fito. Ku 'yan arewa akwai tsoro!"

To, matsalar ke nan. A garinsu idan an ce ruwa, yayyafi ake nufi, a jiƙe a bushe. A nan arewacin Queensland kuwa, duk wanda ya ce ruwa ya hana, kogi yake nufi, kuma ba a ja da shi. Amma Lachie mutum ne mai taurin kai, bai daɗe da zama a yankin ba, ga shi ya yi wa 'yarsa Tilly alkawari za ta hau ɗan dokinta a gaban jama'a. Tilly ɗin nan ita kaɗai ta rage wa Noelene tun rasuwar 'yarta. Kuma sai sun tsallake kogi kafin su iso ƙetaren su Noelene, inda filin sukuwar yake.

"Lachie, don girman Allah kada ka shiga mashigar kogin nan."

"Dafa mana shayi, ga mu nan." Ya kashe wayar.

Ta sake kira, ba ta shiga. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta buga wa maƙwabcinta Merv ƙofa, suka hau motarsa sai bakin kogi. Tun kafin su isa suka ji rurinsa. Wurin da jiya ma yashi ne tsantsa, yau jan ruwa ne yana jan itatuwa da mushen saniya. Sandar awon zurfi ta nutse, ko kanta ba a gani. Sama kuwa tas, abin haushi.

Sawun taya ya gangara daga wancan ƙetare ya shiga ruwan. A wannan ƙetare babu sawun komai.

Merv ya cire hularsa. Noelene ta bi ruwan da ido tana neman motar.

Can ta hango ta. Tilly na tsaye a kan gaɓar can ita kaɗai, sanye da hular hawan doki, takalmanta a hannu. Tana ganin kakarta ta hau ɗaga hannu da murna.

"Kaka!" Muryar ta tsallako da ƙyar. "Baba ya ce in jira, zai gwada da mota ya dawo ya ɗauke ni! Ya iso wajenku?"