Yatsan Hajiya Nabawiyya

Tun a bakin ƙofar asibiti mai gadi ya ja Shahhat gefe. "Yau kam a yi hattara. An kawo sabuwar na'ura, ba ta jituwa da tsofaffi."

Shahhat direban ƙaramar bas ne a garin Akmim, 'ya'yansa huɗu, kuma duk farkon wata shi ke kawo mahaifiyarsa, Hajiya Nabawiyya, asibitin inshorar gwamnati ta karɓi maganin zuciya. A da littafin inshora kawai ake nunawa. Yanzu sai mai littafin ya dangwala yatsa.

Da layi ya zo kansu, tsohuwa ta ɗora babban yatsa a gilashin na'urar. Jar fitila ta kama. Ta sauya hannu, ja. Ta gwada duka goman, har ta tofa yawu ta goge da mayafi. Shekara hamsin tana lailaya gurasa tana zura hannu a tanderu, wuta ta shafe zanen yatsunta tas.

Malam Magdi, ma'aikacin da ke bayan taga, ya turo littafin waje. "Na'ura ba ta san ta ba. Na gaba!"

"Yaro, ni ce ba a sani ba?" in ji Hajiya. "Uwarka ma gurasata ta ci da cikinka."

Layi ya kwashe da dariya. Shahhat bai yi ba. Da safe ya duba kwalin maganinta, ƙwaya shida suka rage, kuma likita ya ce kada ta tsallake ko kwana ɗaya.

"Malam, ga ta, ga hotonta, ga katin ɗan ƙasa."

"Ba ni na hana ba, ɗan'uwa. Ku dawo bayan sati biyu."

"Bayan sati biyu sabbin yatsu za su tsiro mata?"

Karatun Shahhat bai yi nisa ba, amma sa'a biyun da ya yi a layi ya cinye su yana harhaɗa rubutun allon haƙƙin masu inshora da ke bango. Ya nuna allon. "Can an ce wanda aka hana magani a rubuta masa dalili, da sa hannu da hatimi, ya kai wa kwamitin koke. Rubuta min."

"Ba wanda ke neman wannan."

"To ga na farko."

Hajiya ta ja hannun rigarsa. "Mu tafi, Shahhat, kada a sa mana ido."

"Umma, zauna. Shekara talatin ana cire wa Baba daga albashi saboda rana irin ta yau. Ba roƙo muka zo ba."

Ya dafa tagar da hannu biyu, ya ƙi gusawa. Wani dattijo mai yatsun da siminti ya cinye ya matso kusa da shi. "Ni ma a rubuta min."

Malam Magdi ya yi tsaki, ya laluba aljihun tebur, ya fito da takarda. Ya rubuta, ya buga hatimi kamar mai kashe kunama.

Shahhat ya hau bene ya miƙa ta a ofishin koke, ya tsaya har aka ba shi lamba. An ce kwamiti na zama ranar Talata, nan da kwana biyar ke nan. Ko za a kai ga takardar Hajiya a wannan zaman, babu wanda ya iya faɗa masa.