Ciwo a Ƙafa, Wuƙa a Baya

Shekara talatin da ɗaya Tela yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, ba ta taɓa yi masa gardama ba sai bana. Abin ya faro ne kamar wasa, ɗan zugi a bayan cinya. Kafin wata uku ya gangara sharaɓa har babban yatsa, yana fizgarsa kamar ya taka wayar wuta. Ya sha ƙwayoyi, ya je gashin ƙashi, ya shafa man zafi har shagon ya daina ƙamshin sabon yadi. Ƙarshe ƙafar ta ƙi danna feda sam. Aka lulluɓe keke da ƙyalle, Tela ya koma dogara sanda. Tsoro ya kama shi ƙwarai, domin ban da ɗinki bai iya komai ba, ko dafa ruwan zafi.

Matarsa ce ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti. Likitar da suka samu mace ce, ko sa'ar 'yarsa ta fari ba ta kai ba. Ta kwantar da shi ta ɗaga ƙafar a miƙe, ya saki ƙarar da ta sa masu jira a waje suka gyara zama. Aka cusa shi cikin injin hoto mai kama da bututu, ya fito yana salati.

"Baba, ka ga nan?" in ji Likita, tana nuna hoton da biro. "Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi kamar ɗan matashi. Naka ya fashe, ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Tunda magani ya ƙi, ƙafar kuma ta fara rauni, sai mu yi aiki a bayan mu cire abin da ya ɓullo."

"A baya?"

"A baya, Baba."

"'Yata, ƙafa na kawo miki. Ni in mutum ya kawo min wando ba na farke masa riga."

Ta sake yin bayani tiryan-tiryan. Tela ya yi ta gyaɗa kai irin wanda yake yi wa masu zuwa shago su koya masa aikinsa. Ya sa hannu a takarda don matar ta tsare shi da ido, amma a hanya ya ce mata, "Ke, yarinyar nan hoton wani ta duba."

A sana'arsa doka ɗaya ce: inda alli ya bi, nan almakashi ke bi. Don haka ranar tiyata da safe ya zaro allin awo daga aljihu, ya ja layi daga ƙugu har yatsa, layi miƙaƙƙe ba ko karkata, sannan ya rubuta NAN a sharaɓa da manyan baƙaƙe. Nas ɗin da ta zo shirya shi sai da ta dafa bango don dariya. Likita ta shigo ta duba, ta yaba kyan layin, sannan ta juya shi ta yi tata alamar a ƙasan bayansa.

"Kowa da allinsa, Baba," ta ce. Kafin ya haɗa amsa allurar barci ta ɗauke shi.

Sai washegari hankalinsa ya dawo sosai. Ya lallaɓa hannu ya shafa ƙafar. Sumul take, ba ɗinki ba filasta, NAN ɗinsa ma yana nan daram. Bayansa kuwa sai raɗaɗi yake a ƙarƙashin bandeji.

"Ban faɗa ba!" ya ce. "Sun yanka lafiyayyen wuri sun bar min ciwona!"

"Maigida, don Allah ka kwanta, nas ta ce a jira ta."

Ina! Ya yaye mayafi, ya diro daga gado, ya fita baranda yana faɗa, matar na biye tana ba shi haƙuri. Ya wuce ɗaki huɗu da teburin nas-nas, ya ci karo da Likita a bakin matakala. Nan ya tsaya ya zazzage mata: shekarunsa, sana'arsa, yadda ko yadin da ya fi kowanne araha bai taɓa yankawa a inda ba a sa alama ba.

Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, "Baba, daga wane ɗaki ka taho?"

Ya waiga zai nuna mata. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, da nisa. Nan kusa da Tela kuma ga matarsa tsaye tana haki, sandarsa a hannunta.

Tela ya dubi sandar. Ya dubi ƙafar. Ya kafa diddige a ƙasa, ya ɗaga yatsu, ya danna, ya sake ɗagawa, ya danna. Babu fizga, babu zugi. Daɗi ya cika shi har ƙwalla ta zubo, bai kuma damu da wa ke kallo ba.

"A hankali dai," in ji Likita. "Ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya. Keke kuma sai bayan sati shida, in na duba ka."

Matar ta matso ta raɗa masa a kunne, "Maigida, rigar asibitin nan fa a buɗe take ta baya. Duk barandar nan sun gani."

Ya kai hannu ya damƙe bakin rigar, ya murza yadin tsakanin yatsu, ya yi tsaki.

"Sati shida kika ce, Likita? To ki sa a tara min rigunan nan duka, in ɗinke musu baya."