Hannun Dada

Ruwan maganin ja ne wur, yana ɗiga a hankali cikin hannun Dada, dattijuwar da aka kawo Dutse daga rugarsu ta bayan Miga da cutar daji. Ma'aikaciyar jinya Zakiyya ce ta ɗaura mata shi da hantsi. Ta tambaye ta ko da zafi, Dada ta ce lafiya lau, sai ta wuce, don gadaje goma sha takwas ne a ɗakin, ma'aikatan jinya kuwa biyu rak.

Sai da azahar ta dawo. Bayan hannun ya kumbura suntum. Ashe allura ta goce daga jijiya, magani tun ɗazu cikin tsoka yake zuba, shi kuwa wannan magani nama yake ci. Ta tsayar da ruwan, ta zuƙe abin da ya zuƙu, ta ɗora ƙanƙara. Da ta waiga ta ga Malam Barau, mijin 'yar Dada, zaune gefen gado da carbinsa, nan take ta gane. Bafulatana ta yi raki a gaban suruki? Ai gara hannun ya ruɓe. Abin da ya fi ƙona wa Zakiyya rai, ita ma jikar Fulani ce, ta san wannan kunya sarai, amma ta yi tambaya ɗaya ta kama gabanta.

Ta ɗauko takardar rahoton kuskure. Sista Larai, shugabar ɗakin, ta dafe takardar, ta ce ƙaddara ce, a rubuta kumburi kawai a fayil, don wadda ta cike irinta bara ƙauye aka cilla ta. Zakiyya kuwa ta sani, in aka ce kumburi, man shafawa likita zai rubuta ya wuce, nama yana ta mutuwa a ƙarƙashin fata.

"Sista, ba ƙaddara ce ta bar mu mu biyu da gado sha takwas ba," in ji ta. "Ruwan kuma ni na ɗaura."

Ta zare takardar, ta cike, ta sa hannu, ta kai wa likita da ƙafarta. Aka yi wa Dada aiki, hannu ya tsira, yatsu biyu suka ƙage. Kafin mako ya zagayo takardar tuhuma ta iso wa Zakiyya, ai dama inda ƙasa take da taushi nan ake haƙa. Ma'aikata kuwa har yau biyu ne.

Ranar sallama Dada ta jira sai da Malam Barau ya fita neman adaidaita, sannan ta kamo Zakiyya da hannunta mai lafiya.

"Ki yafe ni, 'yata, na ji an ce na ja miki." Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Tambayar nan da kika yi mini ran nan. Da zafi kam."