Guntsin Oom Barend

A gidan Swanepoel, can bayan garin Robertson, ba a zaɓen giya da magana. Tun zamanin kakansu, idan giyar inabi ta nuna a ganga, sai a jera kofuna gaban maigida, ya guntsa, ya juya ta a baki. Wadda bai yarda da ita ba ya tofar a bokitin tagulla, wadda ya haɗiye kuwa ita za ta ɗauki sunan gidan. In ta wuce maƙogwaro magana ta ƙare, ko fasto bai isa ya dawo da ita ba.

Bana abin ya fi na kullum nauyi, don maigidan, Oom Barend, wato Kawu Barend, ya ce gwiwoyinsa sun gaji da matakalar rumbun giya na ƙarƙashin ƙasa. 'Ya'yansa biyu kowa ya haɗa gangarsa, kuma wanda aka haɗiye tasa shi zai karɓi mabuɗin rumbun. Dewald, babban, baki gare shi kamar rediyo, burinsa ya kwashe rabin gangunan ya mai da wurin zauren bukin aure. Ronel, ƙanwar, harshenta ya fi almakashin yankan inabi kaifi, amma in dai giya ce, hancin uban ta ɗauko. Tsohon ya san haka, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya yabe ta ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Busasshen nama ya ƙarasa wa Oom Barend haƙoransa, shi ne ya tafi Worcester wai sayen kayan famfo, ya dawo da haƙoran roba, baki fari tas. Likita ya ce ya koma a ɗan matse masa na saman, shi kuwa ya ce ba shi da lokaci. Lokacin murmushi dai yana da shi, musamman in Tannie Elsabe, wato Inna Elsabe, ta zo, bazawarar gonar maƙwabta, wadda tun rasuwar matarsa take kawo masa kek ɗin madara.

"Kai, Barend," ta ce masa ran nan, "a shekarunka, haƙora kamar na saurayi!"

"Gado ne," in ji shi, ko kunya. "Haka ubana ya mutu da nasa."

Ranar zaɓe aka taru a rumbu da rana tsaka, ana gasa rago a waje. Ga fasto, ga dangi, ga Tannie Elsabe a kujerar gaba da sabuwar hula. Kofi biyu ne a kan tebur, babu suna a jikinsu. Tsohon ya ɗauki na farko, ya kaɗa, ya cusa hanci, ya guntsa.

Ai tun kafin ta kai dasashi ya san mai ita. Dewald ya bar ta a sabuwar ganga har ta koma kamar mutum yana lasar ƙyauren kafinta. Oom Barend ya sunkuya kan bokiti, ya tattara leɓe zai furzar, sai ya ji haƙoran sama sun saki dasashi, sun biyo giyar za su fita tare. Ya yi wuf ya rufe baki, ya miƙe tsaye, kumatu dam.

"Kun gani ko?" Dewald ya daki kafaɗar fasto. "Ya kasa rabuwa da ita!"

"Yaya, rufa mana baki," in ji Ronel. "Neman hanyar da za ta bi ta fita yake, katako ba ya tanƙwaruwa."

"Hassada ce. Baba, haɗiye abarka, kada ka ji komai."

Tsohon ya sa harshe ya tura haƙoran sama, suka zauna. Ya sake sunkuyawa, suka sake tasowa. Gaba kura, baya sayaki! In ya haɗiye, ya miƙa wa Dewald rumbun da kakansa ya haƙa, a zo ana rawar amarya a inda ganguna ke barci. In ya tofar, ga Elsabe can ta dafe ƙirji tana kallonsa kamar wani annabi.

"Dubi yadda yake sauraron giya," ta raɗa wa fasto. "Maza irin wannan sun ƙare."

"Kamar mai addu'a," in ji fasto.

Addu'ar kuwa yake yi. Gumi ya karyo masa duk da sanyin rumbun. Giyar ta ɗumame a bakinsa, miyau ya ƙaru, maƙogwaro ya fara motsi da kansa ba da izininsa ba. Ya ɗaga yatsa yana nuna ƙofa, wai ko a bar shi ya zaga baya.

Wata tsohuwar gwaggonsa, wadda kowa ya ɗauka barci take, ta buga sanda a ƙasa. "Ina za ka? A gaban shaidu ake yi! Ubanka ko da ya karye a ƙafa, nan ya tsaya ya tofar."

Ya fara lallashin kansa. Yaron nan ai ɗansa ne shi ma, kuma zauren buki ba zunubi ba ne. Kurɓi ɗaya, shi ke nan, ya tsira da mutuncinsa da kek ɗinsa. Har ya ɗan ɗaga haɓa, Dewald ya fara gyara wuyan riga.

Sai ya haɗa ido da Ronel. Ta daina tsiwa. Ta sunkuyar da kai tana kwance ɗaurin rigar aikinta a hankali, ta ninke ta, ta ajiye kan ganga. Ba fushi a fuskarta, sai dai irin kallon wadda dama ba ta sa rai ba. Wannan ya soki tsohon har zuci, kunya ta kama shi wadda ta fi ta haƙora.

Ya sunkuya ya furzar da iya ƙarfinsa.

Ƙwal! Bokitin tagulla ya amsa har ƙarshen rumbu. Kowa ya leƙa. Ga haƙoran can cikin jar giya suna yi wa jama'a murmushi.

Gwaggo ce ta fara magana. "To, na ubanka dai ba su taɓa fita yawo ba."

Fasto ya toshe baki da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Tannie Elsabe ta ce, "Oh, Barend," ta juya tana karanta rubutun jikin wata ganga. Tsohon bai dubi kowa ba. Ya ɗauki kofi na biyu da bakinsa a lotse, ya shaƙa, ya guntsa, ya lumshe ido. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, kowa ya ji wucewarta.

"Ba a yi adalci ba!" in ji Dewald. "Ya ɗanɗana tawa da haƙora, tata babu!"

"Da fu da babu fu," in ji tsohon, iska na fita ta ko'ina, "taka katako fe."

Dariya ta ɓarke, har Dewald sai da ya dara don dole. Ronel ce kaɗai ba ta yi ba. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu cikin bokitin tofin nan ba ko ƙyama, ta tsamo haƙoran. Ta ɗauki ragowar kofin yayanta ta ɗauraye su tas.

"Ka ga, Yaya, taka ma ta yi rana."

Ta matso ta juya wa jama'a baya, ta kare uban da jikinta har ya mai da su. Idonta ya cika da hawaye.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "na ga lokacin da ka ɗaga haɓa. Da ka haɗiye ma, da ban ce komai ba."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa na kasa."