Masu Katin Wuya

Tun ƙarfe bakwai nake zarya tsakanin ƙofa da bencina, na kasa zama. Shekara goma sha ɗaya ina gadin makarantar nan, ban taɓa ganin rana irin ta yau ba.

Bara gwamnati ta miƙa makarantar ga wani kamfani. Gaskiya sun yi fenti, sun gyara rufi. Amma da sharaɗi: kowane zango jami'ai za su zo su gwada yara. In sakamako ya yi kyau kamfani ya ci gaba, in ya lalace a karɓe. Sai Shugaban makarantar ya samo dabara. Jiya aka raba katin ratayawa a wuya ga yaran da ake ganin za su ci, ni kuma aka kira ni ofis.

"Baba mai gadi, gobe mai kati kaɗai zai shiga. Sauran ka ce musu hutu ne."

"Ranka ya daɗe, hutun me?"

"Hutun da zai bar ni da kai a bakin aiki."

Da na koma gida na kasa tambayar 'yata Auta, wadda ita ma a nan take karatu, ko an ba ta katin. Uwarta ma ban gaya mata ba.

*

Na mayar da yara sun fi arba'in, wasu har da tsallen murna. Can sai ga Auta tana sauri, rigarta ta sha guga. Wuyanta ba komai.

"Baba, buɗe mana, zan makara."

Shugaba na tsaye a baranda, ya dubi agogo, ya dube ni.

"Yau hutu ne, Auta."

Ta leƙa ta tsakanin ƙarafuna, ta ga ƙawayenta a layi. Yarinyar nan ba ta da saurin karatu, amma ba wawiya ba ce.

"Hutun su wa?"

Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

"Na haddace lissafin har gidan tara fa, Baba. In yi maka?"

Motar jami'ai ta danna hon. Na janye Auta gefe da hannu ɗaya, na wangale ƙofa da ɗayan, har da sara musu. Suka shige, na mayar na rufe, na juya baya.

Daga waje ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. "Tara sau ɗaya, tara. Tara sau biyu, sha takwas."

Har ta kai ƙarshe ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.